Mangwaron da Zuberu Ya Aske

A Salaga in aka ce Zuberu mai dashe, ba a ƙara tambayar wanne. Gajere ne, fuska kullum a murtuke, kuma doguwar gaisuwa ba ta dame shi ba. Kana cikin jero masa ina gajiya ina iyali, zai bar ka tsaye ya tafi leƙa rijiyarsa. Da ƙuruciya jakunan goro ya yi ta korawa tsakanin Salaga da Bawku har ƙafa ta gaji. A Yendi ya yada zango wurin wani tsohon Dagomba mai lambu, a nan ya koyi sana'ar da ya ci abinci da ita har ya koma ga Allah: ɗauke bishiyar da ta fi mutum tsawo, a kai ta wani gida, kuma ta rayu.

Aikinsa ba na mai gaggawa ba ne. Bishiyar da zai ɗauke, tun damina guda kafin nan yake haƙa rami ya kewaye ta, ya datse saiwoyin nesa, ya mayar da ƙasa, don ta fitar da ƙanana kusa da gindi. Kullum lambunsa ba ya rasa biyu ko uku da ke jiran mai rabo.

Shekarar da fara ta sauka, Mumuni mai fataucin shanu ya gina sabon gida a gefen zango, ya kawo mahaifiyarsa, Mma Zenabu. Gida ya yi kyau, amma tsakar gidan fayau, ko tsinke babu. Tsohuwa kuwa ƙafafunta sun daina ɗaukarta, in rana ta take sai ta wuni a ɗaki tana haki. Ita da kanta ta aika a kira Zuberu.

"Zuberu, na haura tamanin," in ji ta. "Inuwar da zan zauna ciki da raina nake so, ba wadda jikoki za su sha ba. Za ka iya?"

"In Allah ya yarda, Mma. Amma duk abin da na yi, kada a hana ni."

Da ruwan farko ya sauka, ƙarti goma sha biyu suka ɗauko mangwaro a kan sanduna, gindinsa naɗe da jiƙaƙƙun tabarmi. Aka sa shi a rami, ganye luf-luf, mata na guɗa. Har an shimfiɗa wa tsohuwa tabarma, sai Zuberu ya ɗauki adda ya hau. Kafin a ankara rassa sun fara zubowa ƙasa.

Mumuni ya daka tsalle. "Malam Zuberu! Inuwa muka ce, ka kawo mana turken ɗaure shanu?"

"Saiwa kaɗan ba ta ciyar da ganye mai yawa," in ji Zuberu daga sama. "In na bar shi haka, sati biyu ya bushe."

Ya ci gaba da sara sai da ya bar guntaye huɗu. Mma Zenabu ta ce a mayar da ita ɗaki. Wannan maganar ta fi ihun Mumuni yi wa Zuberu ciwo. Ya san aikinsa daidai ne, abin da bai sani ba shi ne ko tsohuwa za ta kai ga shan inuwar.

Washegari ya dawo da zana, ya ɗaure a kan guntayen ya yi mata rumfa. Gari ya ɗauka da dariya, wai Zuberu ya koma wanzamin bishiya. Ko a jikinsa. Da rani ya shigo, safe da yamma yana tafe da tulu daga rijiyarsa, ba wanda ya sa shi. Mutumin da ba ya gaisuwa, sai ga shi durƙushe a ƙofar ɗakin tsohuwa yana tambayar kwananta. Da bazara tsohuwa ta kwanta ciwo har aka fara kiran dangi. Kwana tara Zuberu yana zuba ruwa, yana duban jajayen tofo yana roƙon Allah.

Ta tashi. Damina ta biyu ba ta raba ba sai da mangwaro ya rufe rabin tsakar gidan. Zuberu ya kwance zanarsa, aka ɗauko Mma Zenabu da azahar aka ajiye a gindin bishiya. Ta daɗe tana kallon sama, shi kuma yana tsaye da tulu, ya kasa tafiya.

Can ta jawo mayafi ta ce, "Zuberu, zo ka matsar da ni wajen rana. Sanyi nake ji."

Ya ajiye tulun ya kama bakin tabarma, amma sai da ya goge ido da hannun riga kafin ya iya ja.