Idon Mai Kemis

Shekara talatin da ɗaya yana sayar da magani, amma ba a taɓa ganin mai kemis zaune a kan kujerar shagonsa ba. Kyanwa ce ke morar ta. Shi kullum a tsaye yake, ya goge kanta, ya jera kwalabe, ya sake jera su, biro a bayan kunne. Da hannunsa yake rubuta takardar kowace robar magani ya manna, kuma unguwa ta fi yarda da rubutunsa a kan na likita. Abin da ya ɓoye wa kowa, har matarsa, shi ne tun bara haruffa suka fara yi masa rawa. Tabarau kuwa? Allah ya kiyaye, sai a ce ya tsufa.

Ran nan da hantsi wani ƙato mai ɗaga ƙarfe ya faɗo shagon, ya buga roba a kan kanta.

“Baba, raina min hankali za ka yi? Ƙwayar sitiroyid ta gina jiki na yi oda, ruwan hoda. Wannan farar fa?”

“Yaro, ni ban taɓa kuskure ba.”

“To, yau ka fara!”

Mai kemis ya zazzage ƙwayar a tafinsa, ya kai ta har bakin hanci. Ita ma sitiroyid ce, amma ta masu asma. Robobi biyu ya manna wa takarda jiya, ɗayar ta tsohuwar tela ce ta bayan layi, wadda numfashi ke sarƙe ta. Kenan ƙwayar ƙaton na hannunta.

“Tsare min shago!” ya ce, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya.

Bai san yana da sauran gudu ba sai ranar. Tsoro ne zalla. Ya tarar da ita a bakin keken ɗinki, tana numfashi da ƙyar, robar na gefe.

“Yaya, kin sha?”

“Zauna, Malam, kafin ka riga ni. Ban sha ba. Tawa fara ce.”

“Amma takardar...”

“Na daina duba takardarka tun bara, ranar da ka tsaya kana gaida rigar da na rataye a ƙofa. Launi nake dubawa. Kunya ce ta hana ni gaya maka.”

Ya miƙa mata farar. Ya tsaya har ta haɗiye.

Da ya koma, ƙaton na zaune a kan kujera, kyanwa a cinyarsa, fushin ya huce. Mai kemis ya ciro biro daga bayan kunne, ya daɗe yana juya shi. Sannan ya tura robar gaban ƙaton.

“Ɗana,” ya ce a hankali, “karanta min abin da na rubuta. Ba na gani.”