Fasinjan da Sali Bobbo ya bari a bakin gada

A ƙauyenmu da ke hanyar Ngaundare, in ka ji ƙarar babur mai ƙafa uku tana tsaga kasuwa, to Sali Bobbo ne ya ɗauko mara lafiya. Babur ɗin na ƙaramin asibitinmu ne, gado ɗaya tak gare shi a baya. Sali makiyayi ne da annoba ta cinye wa shanu, sai aka koya masa tuƙi da agajin gaggawa, ya kuwa riƙe aikin hannu bibbiyu. Har gori yake mana a wurin mai shayi: "Ku dai ba ku san komai ba! In an yi hatsari, mai ihu da sauransa. Wanda ya yi tsit, shi ake fara ɗauka."

Wata ranar kasuwa babura biyu suka yi karo a bakin gada. Sali ya iso ya tarar da Ndanga, wani baƙo mai sayar da rogo, yana kururuwa da karyayyen hannu. Can gefe kuma ga wani saurayi zaune shiru, ya dafe ciki, leɓensa ya yi fari. Hamadiko ne, ɗan farin Sali.

Mu Fulani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya nuna ya damu da shi a idon jama'a. Ga shi rabin kasuwa ta zagaye su.

Sali ya kau da kai, ya ce, "Wancan fa, yaya?"

Yaron ma da wannan kunyar ya tashi, ya sunkuyar da kai. "Ba komai, Baba. Ɗauki baƙon."

Ya ɗauki Ndanga. Tsofaffi suka yi ta jinjina: "Kai, wannan shi ne Bafillace!" Kafin ya kai shi ya juyo, jini ya gama zuba a cikin Hamadiko. Sali ya ɗauke shi, a kan hanya ya cika.

Abin da ke ƙona mini rai, har gobe yabonsa ake yi. A wurin suna ko biki sai wani mai baki ya nuna shi: "Ku koyi kunya wurin Sali!" Shi kuwa sai ya nemi takalmansa ya sulale. Bai bar aikin ba, amma ya daina zama wurin mai shayi, gaisuwa ma kansa a ƙasa yake amsawa. Ya san abin da aka koya masa, ya kuma san idon mutane ya ji wa tsoro, ba na Allah ba.

Matarsa Dudu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Katangarmu ɗaya, shi ya sa na ji abin da ta gaya masa wata safiya tana miƙa masa nono, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Da shi ka fara ɗauka, da an yi mana dariya wata guda. Da yanzu an manta."