Randunan Levi

A Kazaure aka haifi Levi, ko da yake ubansa Sammy daga kudancin Kaduna ya zo aikin asibiti. Na san shi tun yana yawo ba wando. Ya karanci lantarki, ya fara da gyaran firji, daga baya ya koma haɗa sola. Mutum ne mai gaskiya, mai taurin kai. Janareta ce abin da ya fi tsana a duniya. Ko ƙararta ya ji sai ya tsuke fuska.

Da ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata ta tashi gina gidan adana tarihi, inda za a tara tsofaffin takardu da hotuna na mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, shi ya karɓi tsara wuta da iska, kyauta. Ni aka ba makulli, don na yi sakandare kuma zaman gida ya ishe ni.

Ya sa aka yi bango mai kauri, tagogi ƙanana can sama don zafi ya riƙa fita, sola kaɗan a rufi saboda fitilu da fanka. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ya ce a'a, za ta shanye batir kafin la'asar. Sai ya jera randuna a wani lungu jikin ɗakin ajiya, a kan jiƙaƙƙen yashi, yadda kowace mace take kafa tata a tsakar gida, fanka tana jan iska ta kansu zuwa ciki. A tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ce gindin rijiya ne. Tsofaffi suka riƙa zuwa ganin tarihi suna gyangyaɗi.

Akwai wata tsohuwa a Gwiwa, Ya Kaka, 'yar asalin Barno. Tana da akwatin katako na mahaifinta, cike da rubutunsa na ajami, da hotonsa guda ɗaya tak. Ta hana kowa. Levi ya ɗauke ni a babur muka je.

"Ɗan nan," in ji ta, "akwatin nan ya girmi uwarka. A ƙarƙashin gadona bai taɓa ciwon kai ba."

"Ya Kaka, ku ba ni amana. Zafin ɗakin nan ne ke ƙona takardun. A wurina sanyi za su sha."

"Takarda ce ta ce maka tana jin zafi?"

Muka yi dariya. Amma ta bayar, don mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Damina ta sauka. Ran nan na buɗe ɗakin da safe, wani wari ya tare ni, irin na tabarmar da aka naɗe da lema. Duk wanda ya shigo ya ji, amma aka yi masa kara: mutum ya yi mana aiki kyauta, wa zai buɗe baki? Ni ba ni da wannan ciwon.

"Levi, ɗakinka yana wari."

"Mama, warin tsohuwar takarda ne."

"Na girme ka a sanin warin tsufa. Wannan danshi ne."

Ya ce zai rage ruwan randunan. Ya rage, amma bai kwashe su ba, don yana son su kamar 'ya'yansa. Ba a jima ba na ga wani siririn layin jar ƙasa ya taso daga yashin, ya bi bango, ya shige bayan kantar da aka jera takardu. Na kankare shi da makulli. Fararen ƙwari suka zubo. Gara ce. Washegari layin ya dawo, ya kuma yi reshe.

Ina cikin neman Levi a waya sai ga a-daidaita-sahu a ƙofa. Ya Kaka ce da 'yarta Nana Khadija, sun shigo gari asibiti, tsohuwar ta ce bari ta biya ta gai da hoton mahaifinta. Levi ya iso ya same ta zaune a gaban akwatin. Shi ya buɗe da hannunsa. Takardun sama sun manne da juna, fumfuna ta yi musu toka-toka. Da ya ɗaga su, na ƙasa sun zama ƙasa. Hoton yana nan, amma daga wuya zuwa sama an cinye.

Ta daɗe tana kallo. Levi ya durƙusa.

"Ya Kaka, ni ne. Laifina ne."

"Ka yi ƙoƙari, ɗan nan," ta ce. "Nana, ɗauki akwatin."

Ran nan ya kwashe randunan ya farfasa su a bayan gini, ya haƙe yashin, ya zuba magani. Labari kuwa ya riga ya kai kasuwar Gwiwa. Yanzu kusan kullum sai babur ya tsaya daga Roni ko Babura, a gaishe ni da ladabi, a ce an zo karɓar kayan gida. Ina bayarwa.

Levi ya daina karɓar aikin waje. Da safe yakan zo ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da yatsa, kunnensa a manne. Jiya ya tsaya a kusurwar gabas, nesa da inda randunan suke, ya sake ƙwanƙwasawa, sannan ya ce in zo in saurara. Wurin yana amsawa kamar ƙwarya. Damina kuwa ko rabi ba ta yi ba.