Mutumin da Bai Yarda da Hancinsa Ba

Kullum kafin a kunna tanderu, Baba Mai Tanderu zai yanka farar takarda siri-siri, ya tsoma a wani ruwan magani, ya rataye ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya ƙasa-ƙasa kusa da bututu. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashi ba.

A masana'antar da yake aiki, garin wani ƙarfe mai wuyar samu da ake kira siriyam suke gasawa, suna hura masa iskar farar wuta har ya koma jan garin da ake rina roba da shi. Iskar warin baragurbi gare ta, kuma tana kisa. Da ta taɓa takardar Baba, takardar sai ta yi baƙi.

Ma'aikata kan tsokane shi: "Baba, yau ma shanya ake yi? Ai muna da hanci."

"Hanci munafuki ne," yakan ce. "In iskar ta yi yawa, shi take fara kashewa."

Wata Talata da hantsi bututu ya tsage. 'Yata, mai auna garin a ɗakin, ita ta ba ni labari. Wari ya tashi, can kuma ya ɗauke. Abokin aikinta ya ce, "Shi ke nan, ya wuce," ya sunkuya don duba bututun. Daga bakin ƙofa Baba ya ga takarda ta yi baƙi ƙirin. Bai tsaya neman abin rufe fuska ba. Ya riƙe numfashi ya faɗa ciki, ya fizgo 'yata, ya koma ya jawo ɗayan. Wancan bai sake tashi ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyu.

Baba, kai ne katangar da ba a kula da ita sai ranar ambaliya. Tun ranar ba ka jin ƙamshin girkin iyalinka, hawan bene ɗaya sai ka huta sau biyu. Da na je godiya, cewa ka yi, "Ɗaya na fitar da rai, Malam. Su biyu ne a ɗakin."

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki. Na roƙi 'yata ta bar wurin, don ko sallama aka yi da rana gabana faɗuwa yake. Sai ta buɗe jaka ta nuna mini tsohon almakashi.

"Abba, ni ya ba wa. In na tafi, wa zai yanka takardar?"

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma masu aiki inda mutuwa ba ta sallama, ku yi koyi da shi. Ku rataye takardar, ko da za a yi muku dariya.