Binnen Matan Tajaye

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun gauraye a kaina, amma ranar da matan Tajaye suka zo neman iri ba ta bar ni ba. Lokacin ban daɗe da fitowa daga jami'a ba, an tura ni kula da ƙungiyar mata manoma.

Gwamnati ta aiko musu da irin gero mai saurin nuna. Umarnin buro, wato ofishinmu, shi ne kada a buɗe magaza, ɗakin ajiyar irin, sai ruwan shuka ya sauka, domin irin na shuka ɗaya ne, babu na maimai.

Shugabarsu, Inna Hajo, ta same ni a ƙofar magaza.

"Ɗan buro, ba mu irinmu mu yi binne."

Binne shi ne a shuka cikin busasshiyar ƙasa, a bar iri ya jira ruwa. Na ce, "Inna, in yayyafi ya tashe shi, rana ta ƙone shi fa?"

Ta ce, "In ruwa ya zaka, gandun maigida aka fara shukawa. Kafin a kai ga gamanar mace, ƙasa ta bushe. Kai mi kake tsoro, Allah ko shef?"

Gamana ita ce 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Na kira shef, shugabanmu na buro, a Illela, ya ce in na buɗe, alhakin a wuyana. Na buɗe, matan suka ɗebi iri suka yi binne.

Kwanakin da suka biyo baya kamar a mafarki na yi su. Kowace la'asar nakan zauna a bakin gonakin ina kallon gabas. Fili fayau, ba ko ɗigon kore, amma sai in ga kamar ƙasar tana numfashi a hankali, abincin shekara yana barci a cikinta. Hadari yakan taso, ya tsaya, ya wuce wajen garin Malbaza.

Wata safiya aka yi yayyafi. Na ruga na tona rami da yatsa. Ƙwayar tana nan a bushe, danshi bai kai gare ta ba. Na mayar da ita, na rufe.

Ruwan gaske ya zo daga baya. Matan suna can suna shukar gandu, nasu geron ya tsiro shi kaɗai, ba kowa a gonar sai ni.

Ba zan ce na yi daidai ba. Da yayyafin ya ɗan ƙara ƙarfi, da na hallaka musu damina. Na dai gane cewa ruwa ɗaya ba rana ɗaya yake isa gonar kowa ba. Wanda yake wurin, in ya ga na kauce, don Allah ya aiko mini da gyara.