Ɗamarar Baba Bawa da Kwaɗon Zogale

Cikin shekarun da na yi ina aikin masinja, ranar da ta ƙi barin zuciyata ita ce Litinin ɗin da ta biyo bayan wata Babbar Sallah, ranar da aka sallami Baba Bawa saboda ɗamararsa ta ƙi ɗauruwa. Ku da kuka shigo aiki yanzu za ku ce wasa nake yi. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, kuma kowane Bature da irin taɓin da ya taho da shi daga ƙasarsu.

Mu shida ne a ofishinmu, can bariki. Baba Bawa ne babban masinja, ni Ummaru nake bi masa, sai ƙanana huɗu. Aikinmu kai takarda da saƙon baki tsakanin Bature da manyan gari. Alamar aikin kuwa ɗamarar fata ce mai kan tagulla, a kan riga ake ɗaura ta. Huda biyar gare ta, kuma kayan gwamnati ce, wanda ya ƙara mata ta shida laifinsa ɗaya da wanda ya ɓalle ƙofar ofis. Kowace Litinin da hantsi muke jeruwa a duba mu, shi ake ce wa fareti.

Baba Bawa mutum ne mai jiki, kuma baki goma sha ɗaya ke ci daga albashinsa. A cikin gari in an ga tumbinsa cewa ake yi Allah ya rufa masa asiri. Sai aka kawo mana sabon Bature, siriri kamar karan dawa, muka sa masa suna Mai Igiya don komai ya gani sai ya auna. A zurfin iliminsa, babu abin da ke sa masinja ƙiba sai cin hanci. Da ya ga ɗamarar Baba a huda ta ƙarshe, ya yanke hukunci: bayan Sallah in ba ta ɗauru ba, a sallame shi a ba na biye. Na biye kuwa ni ne.

Don kada a ce bai yi adalci ba, ya tura Baba wurin likitan bariki. Ni na raka shi, don na taɓa aikin kuku a gidan Turawa, na tsinci Turanci daidai na gane zagi da umarni. Likita ya latsa cikin Baba, ya girgiza kai, ya lissafa ƙa'idoji. Kowane ci a fara da dafaffen ganye don ciki ya cika. Nama kada ya wuce faɗin tafin hannu, a cire kitse. Fura sau ɗaya a yini, ba zuma. Wato Basakkwace ake gaya wa haka, saura kwana huɗu layya. Na juya masa maganar da Hausa, ban rage ko ɗaya ba.

Muna fitowa Baba ya ce, "Ummaru, mi yac ce a hwara ci?"

"Ganye, Baba."

"Kowane ci?"

"Kowane ci."

Ya yi ajiyar zuciya. "Tau, ashe laƙani na. Ni da nike tsoron shi hana min nama."

"Ya ce naman kak shi wuce tahin hannu."

"Wanga zancen masu magani na. Ko malam in ya ba ka rubutu sai shi ce bar wanga, bar wancan. Wa ab bari? Maganin shi ka aiki."

Kada ku ɗauka Baba wawa ne. Mu a lokacin abin da muka sani magani shi ne abin da ake ƙara wa ciki. Maganin da ake yi da ragewa bai zo mana ba tukuna.

Ranar Sallah gari ya ɗauki hayaƙin tareni, raguna a shimfiɗe jikin itace kewaye da wuta a ƙofar kowane gida, kitse na ɗiga. Washegari aka shiga rabo, mu kuma muka shiga aikin da ya fi kowanne haɗari a shekara, kai gaisuwar Sallah ta Bature gidajen manya. Ƙa'idar ita ce duk gidan da ka shiga za a sauke ka a zaure a ajiye maka akushi. In ka ƙi ci, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Bature ya raina mai gidan.

Ni dai ina da dabara. In ci loma uku, in yabi mai girki, in roƙi a ƙunshe mini sauran don iyali su sami albarkar gidan. Mai gida ya ji daɗi, cikina ya huta. Baba kuwa, da yake manyan gidaje rabonsa ne, ya sa uwargidansa ta riƙa haɗa masa kwaɗon zogale cikin ƙwarya, da ƙuli-ƙuli da mai har yana ƙyalli. Da ita yake yawo a rataye.

Rana ta uku muka haɗu a zauren wani attajirin tufafi kusa da Hubbare. Aka kawo soyayyen nama, da kai da ƙafa, da fura mai zuma. Baba ya buɗe ƙwaryarsa da natsuwa, ya yi bisimilla, ya cika ciki da kwaɗo kamar yadda likita ya ce, sannan ya jawo akushi ya share shi tas. Da aka ƙaro, ya koma wa kwaɗon tukuna, don a ganinsa sabon ci ne, yana bukatar sabon magani. Ban taɓa ganin majinyaci mai biyayya irinsa ba.

Ya ga ina ƙunshe nawa, ya ce, "Kai ba ka da magani, shi as sa kake tsoro. Ɗebi zogalag ga ka ci abinka."

Nan ne ya kamata in zaunar da shi in ce, Baba, ganyen nan wurin nama aka ce ya tare, ba rakiya aka ce ya yi masa ba. Da ya ji, don yana jin maganata. Amma dariya ta cika mini ciki, kuma a ƙarƙashin dariyar akwai wani abu da ban so in duba ba. Sai na ce, "Allah shi ba da lahiya, Baba." Kwana uku na ƙara ina ba ƙananan masinjoji labari muna ƙyaƙyatawa.

Litinin muka jeru. Baba ya zo da fara'arsa, ya ja numfashi ya janyo ɗamara. Saura yatsa biyu. Ya sake ja har idanunsa suka yi ja, mutum biyu suka kama masa, ba ta motsa ba. Mai Igiya ya fito da igiyarsa ya auna tazarar, kamar akwai mai musu.

Baba ya ce wa Bature, "Zaki, wallahi ko sau guda ban ƙetare maganin likita ba. Kwana shida ina bisa ganye."

Bature ya juyo gare ni ya tambaya ko na isar da maganar likita duka. Na ce na isar, kalma da kalma, kuma ban yi ƙarya ba. Kafin ya ƙara wata tambaya Baba ya shiga tsakani.

"Gaskiya tai, Zaki. Ummaru bai rage komi ba. Kak a ɗora mai laihi."

Hukunci ya tabbata. Baba da hannunsa ya ɗaura mini ɗamarar, ya gyara mini zaman riga, ya ce in riƙe amana. A huda ta biyu ta tsaya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan hantsin ba, kuma ko a nan ban gaya masa inda ya kuskure ba.

Baba ya koma sayar da tabarmi a bakin Hubbare. Abin da likita ya kasa, rashin albashi ya yi shi cikin wata shida. Ranar da na biya na gaishe shi, riga na yawo a jikinsa. Ya ce mini, "Har yau ina tunanin maganin ga. Ko zogalar ce ba ta da kyau?" Na ce wataƙila.

Shekara ashirin da ɗaya na yi da ɗamarar, ban taɓa wuce huda ta uku ba, don kowace Sallah ganye nake fara ci, nama kuwa daidai tafin hannu. Turawa sun sha yabona cewa ban taɓa sauya ko kalma ɗaya a saƙo ba. Ni kuwa na san masinja na iya kai magana cif-cif ya kuma ci amanar wanda ya kai wa. In kun kai saƙo kun ga mutum ya ɗauke shi a karkace, kada ku tashi sai kun daidaita masa, ko da kujerarsa ce ke jiran ku.