Ranar da 'Yan Keke Suka Tarbi Murjanatu

Murjanatu ta unguwar Ali Kazaure shekararta talatin da shida, kuma duk gonakin Naraguta babu mai idonta wajen tantance irin dankali. Da ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta san ko zai tsiro. Likita ya ce wata lalura ce gare ta da ake kira otizim. 'Yan unguwa kuwa, da ba sa rasa ta cewa, suka ce miskilanci ne. Ita dai abin da ta sani, ƙara na shigar mata kai kamar ƙusa, kuma ba ta jure a taɓa ta.

Shekara tara Obum mai keke ke kai ta aiki. Ba rediyo, ba hon, ba "matsa kaɗan, Hajiya". Kafin ya sauya hanya ma sai ya gaya mata. Da ciwon baya ya ci ƙarfinsa, ya sayar da keken ya koma garinsu, Murjanatu ta zauna a gida. Mai gonar ya aiko cewa in ba ta zo ran Litinin ba, zai ɗauki wata.

Yayanta Uzairu, mai sayar da katako a Laranto, ya sami shugaban 'yan keken bakin unguwa.

"Oga, ƙanwata ce," in ji shi. "Keke ɗaya muke roƙo da safe, mara hayaniya."

Shugaban mutumin kirki ne wallahi, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ware keke, ya sa aka cire rediyon, ya tara direbobi ya ba su labarinta, duk suka tausaya.

Ran Litinin ta fito bayan yayanta, tana ƙirga taku har tasha. Direbobin suka hango ta. Su kuwa a wurinsu wanda ake so da hon ake tarbarsa, amarya ce ko mahajjaci. Keke ashirin suka danna lokaci guda, ana tafi, ana "Sannu da zuwa, Anti!"

Murjanatu ta toshe kunnuwa ta durƙushe. Mata suka rufu a kanta, wannan ta riƙe kafaɗa, waccan tana tofa addu'a. Uzairu na ta roƙon a matsa, ba mai jin sa.

Aka ɗauki wata a gonar. Shugaban ya zo ban haƙuri har gida, keken ma ya yi wata guda yana jiran ta kowace safiya. Ta so ta fita, ta so ƙwarai. Sau uku tana sa takalmi ta kai zaure, sai ta jiyo hon daga titi, ta tsuguna ta cire.